Tambayi Sista: Mestinon, maganin mantuwar tsofaffi da ɗigon hawan jinin ido, me za a saya kuma me za a sa wa ido

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Da na zauna ina jera saƙonnin wannan makon sai naga guda shida daga ciki gida ɗaya suka fito, duk da kowa ciwon da yake jinya daban, wata mijinta ne, wani mahaifiyarsa, wani kuma idonsa. Shi yasa na haɗa su wuri guda, dan bayani ɗaya zai warware mana rabin maganar.

A jikinmu akwai wani sinadari da ake kira asetilkolin, ku ɗauke shi kamar ɗan aike tsakanin jijiya da tsoka. Shi ke kai saƙo tsoka ta motsa, shi ke sa miyau ya tsatso, hawaye da gumi su fito, hanji ya motsa, mafitsara ta matse, zuciya ta rage gudu, tsakiyar baƙin ido ya tsuke. Da zarar ya isar da saƙo akwai wani sinadarin da ke share shi nan take. To magungunan da muke ce wa kolinajik, wasu riƙe hannun mai sharar suke dan ɗan aiken ya daɗe, wasu kuma shigar ɗan aiken suke yi suje su buga ƙofa da kansu. Matsalar ita ce maganin bai san ƙofar da aka aike shi ba, duk ƙofar da ya tarar bugawa yake. An ba mutum dan fatar idonsa ta buɗe, sai ya taɓa hanji da zuciya da huhu. Wannan shi ne abin da mai jinya a gida zai riƙe a ransa kullum.

Sista ina wuni, ya aiki. Maigidana ne shekara ɗaya kenan fatar idonsa ke saukowa da yamma, yana ganin abu biyu-biyu, in yana cin tuwo sai muƙamuƙinsa ya gaji. Mun sha rubutu da hayaƙi an ce jifa ne, daga baya a asibiti suka ce mayasteniya ce suka ɗora shi kan Mestinon. Yanzu maganin ya yi tsada kuma yana wuyar samu, wani mai kemis ya ce akwai na Indiya mai sauƙi. In saya? Kuma kwana biyun nan ya fi jin kasala, na ƙara masa ƙwaya ɗaya a rana amma sai zawo da miyau. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

'Yar'uwa sannu da ɗawainiya, Allah ya ba maigida lafiya ya saka miki da alheri. Bari in fara da ƙarshen saƙonki dan shi ya fi tayar min da hankali. Dan Allah ki koma kan adadin da likita ya rubuta, kuma yau ɗin nan ki nemi likitansa ko ku koma asibiti, kar ku jira ranar kilinik. Zawo da miyau bayan ƙarin ƙwaya jiki ne ke gaya miki maganin ya fara yawa. Abin da ke rikita mutane a wannan ciwo na mayasteniya, wato ciwon raunin tsoka, har mu ma'aikata, shi ne ƙarancin maganin yana kawo kasala, yawansa ma yana kawo kasala. Tsokar da aka cika ta da saƙo daina amsawa take. To kinga in kika ga ya yi laushi kika ƙara, ya ƙara laushi kika sake ƙarawa, garin neman ƙiba an samo rama kenan, kuma tsokar da muke tsoro ita ce ta numfashi.

Alamun da ke nuna maganin ya yi yawa su ne miyau na dalala, gumi sharkaf ba zafi ba, hawaye, murɗawar ciki da zawo, amai, fitsari a kai a kai, naman jiki yana ɗan rawa musamman a fuska da dantse, ƙirji na kurari da majina, tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura, bugun zuciya ya yi ƙasa. In ciwon ne da kansa ya taso kuwa, galibi za ki ga akwai abin da ya tsokano shi, zazzaɓi, mura, wani sabon magani, tsananin zafin bazara, ko an tsallake sha. Amma ba aikinki bane ki bambance su a tsakar gida. Aikinki ki gane lokacin ɗauka a tafi: in ya kasa haɗiye ruwa yana ƙwarewa, in muryarsa ta koma ta hanci, in wuyansa ya kasa riƙe kai, in ya kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, in ya ja numfashi ɗaya ya kasa ƙirgawa zuwa 20. Ko ɗaya kika gani, sashen gaggawa na babban asibiti mai injin taimakon numfashi, ku kuna kusa da asibitin koyarwa na Shika, kar a tsaya a ƙaramin kilinik na unguwa. Kuma kar ki ɗura masa magani ko ruwa a hanya.

Wasu na tambayata ko su sayi ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna iskar jini. Ba laifi bane a same shi, amma a wannan ciwon yana yaudara, sai ya nuna 97 alhali tsokar numfashi ta kusa gajiya, sai can a ƙarshe lambar ke faɗuwa. Ƙirgen nan na numfashi ɗaya da ba ki biya ko sisi ba ya fi shi saurin gaya miki gaskiya. Ki sa ya riƙa yi lokacin da yake lafiya lau dan ki san lambarsa ta yau da kullum.

Yanzu batun saye. Mestinon sunan kamfani ne, ainihin maganin da za ki duba a jikin kwali shi ne pyridostigmine, ƙwaya mai 60mg. Wanda wani kamfanin ya yi, na Indiya ne ko na Masar, in dai na gaske ne aiki ɗaya suke, ba sai kin kashe kanki kan sunan farko ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wurin sayen. Wannan ba maganin kemis bane, lasisin mai kemis bai kai nan ba, ki je famasi mai rajista inda akwai mai harhaɗa magani da za ki iya komawa ki tuhuma, ko famasin asibitin da ake ganinsa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, in akwai wurin kankarewa a tura lamba ki kankare ki tura tun kina gaban kanta. Kar ki karɓi wanda aka ƙirgo aka zuba a farar leda ba suna, na farko ba ki san mene ne ba, na biyu wannan ƙwayar tana shan danshi, da damina sai ta yi laushi ta dabbare, dan haka a bar ta cikin kwalbarta da ɗan ƙullin nan mai tsotse danshi, a rufe gam. In an samu kamfani ɗaya da ya karɓe shi a tsaya a kansa, in dole ta sa aka canza ki sa ido sosai a satin farko. Akwai kuma wani mai 180mg da ke narkewa a hankali, ba ɗaya suke da mai 60 ba, ba a daka shi ba a tauna shi, in wani ɗan'uwa ya aiko da shi daga waje kar a sha sai likita ya gani. Kuma ki riƙa sayen na gaba tun da sauran na sati biyu a hannu, wannan ba maganin da ake cewa bari a ga albashi bane.

Lokacin sha ma jinya ce mai zaman kanta. Yana fara aiki bayan minti 30 zuwa 45, ya yi awa 3 zuwa 4 ya sauka. Tunda matsalarsa tauna da haɗiya, ki ba shi kamar rabin awa kafin abinci, da ɗan biskit ko madara in yana murɗa masa ciki, ya ci a zaune tsaf, loma ƙanana, tuwo mai laushi da miya wadatacciya, a bar ƙilishi da gasasshen nama zuwa lokacin da yake da ƙarfi. Ki sayi littafi na makaranta ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ya sha, ƙarfe nawa ido ya sauko, sau nawa ya zagaya. Wallahi littafin nan ya fi wa likita amfani akan a shiga a ce masa jiki dai da sauƙi, dan da shi zai gyara tazarar sha ko ya ƙara wani magani mai tare zawon. Kar ki sayi Buscopan da kanki dan murɗawar ciki, zai rufe alamun da muke so mu gani.

Sai abin da nake roƙon duk mai wannan ciwo a ƙasarmu. A rubuta a kati a sa a aljihu, ina da mayasteniya, a nuna wa duk wanda zai rubuta magani ko ya yi allura. Dalili, magungunan da suka fi tayar da ciwon su ne waɗanda aka fi rabawa a unguwanninmu ba tambaya: allurar janta wato gentamicin, sifro wato ciprofloxacin da ake ba kowa da sunan taifot, azitromaisin, kwinin da kulorokwin na maleriya, da wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol. Na taɓa karɓar wata matashiya da aka yi wa allurar janta kwana uku a gida saboda zazzaɓi, ta iso ko kanta bata iya ɗagawa, ta yi kwanaki kan inji kafin Allah ya tashi kafaɗunta, kuma wanda ya yi allurar da niyyar taimako ya yi, ba wanda ya gaya masa. Mace mai ciwon in ta samu juna biyu ta faɗa tun ranar farko a wurin awo, dan allurar magnesium da ake yi wa masu jijjiga haɗari ce babba gare ta, kuma ta haihu a babban asibiti.

Ki kuma sani Mestinon sanda ce ta dogarawa, baya taɓa tushen ciwon. Tushen shi ne garkuwar jiki da ta juya tana toshe wurin da saƙo ke sauka a tsoka, shi yasa ake haɗawa da prednisolone ko azathioprine, kuma ake hoton ƙirji a duba wani ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji, dan kusan 1 cikin 10 na masu ciwon ana samun ƙari a wurin. In ba a yi masa hoton ba ki tambaya. Wani abu da ke burge ni kuwa, kakan wannan maganin daga ƙasarmu ya fito, wani wake ne na yankin Kalaba da mutanen can ke kira esere, wanda a da ake ba wanda ake zargi da maita. Daga shi aka ciro sinadarin da wata likita mai suna Mary Walker ta gwada wa mai mayasteniya a Landan a 1934, fatar idon ta buɗe. Wake mai kisa ne, awo ne ya mayar da shi magani.

Sista ni ma ina shan Mestinon sau huɗu a rana, zan iya azumi in haɗa biyu da sahur biyu da shan ruwa? Ƙaninki daga Katsina.

Ƙanena kar ka haɗa. Ƙwaya biyu lokaci guda ba za ta ninka maka tsawon aiki ba, za ta ninka maka zawo da gumi ne da asuba, zuwa hantsi ta sauka ta bar ka da awa tara ko goma ba komai a jiki, kuma daidai lokacin shan ruwa da kake buƙatar haɗiya lokacin ne maƙogwaronka ya fi rauni. Masu ciwon a ido kaɗai ko wanda ya lafa sosai, wasu likita na sake musu tsari su yi azumi lafiya, amma wannan magana ce da ake yi wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan, a Sha'aban ko Rajab. Ka samu likitanka, ka samu malaminka da abin da likitan ya faɗa. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Baƙara.

Anti Sista, Hajiyarmu ta kai shekara 78, mantuwa ta yi mata yawa, tana maimaita tambaya, ranar nan ta fita ta kasa gane hanyar gida. Yayanmu da ke Ingila ya ce a sayo mata Aricept ko filastar Exelon. Wanne ya fi? Tana shan maganin hawan jini, kuma muna ba ta Piriton da dare dan ta yi barci. Daga Sakkwato.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa ku gama da ita lafiya. Amsata ita ce kar ku sayi ko ɗaya tukuna, ku fara kashe kuɗin a kan ganin likita. Ba duk mantuwa bace gigin tsufa irin na Alzheimer. Ƙarancin bitamin B12 na kawo ta, ciwon tayirod, wato ƙullutun da ke gaban wuya, na kawo ta, damuwa bayan rasuwar miji na kawo ta, jini da ya taru a kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita na kawo ta, kuma waɗannan ana maganinsu. A wurinmu ma da hawan jini ya yi yawa, da dama ƙananan shanyewar ɓarin jiki ne da ba a lura da su ba suka cinye ƙwaƙwalwar a hankali, wanda babban maganinsa riƙe hawan jinin. In kuma rikicewar cikin kwana biyu uku ta zo, wannan ku nemi zazzaɓi ko ciwon fitsari ko suga, a tafi asibiti ranar. Kuna da asibitin koyarwa a cikin gari, ga na ƙwaƙwalwa a Kware, kuma zuwa can ba yana nufin an ce Hajiya ta haukace ba.

Piriton ɗin nan ku daina. Aikinsa kishiyar Aricept ne kai tsaye, yana toshe ɗan aiken da muke so mu ƙara, shi kaɗai yana iya rikita tsoho ya ƙara masa mantuwa, ya riƙe masa fitsari da bayan gida. Haka Artane, haka amitriptyline, haka Buscopan, da yawancin magungunan mura na ruwa. Ba ma'ana a sayi magani mai tsada da safe a rushe shi da na naira kaɗan da dare. Ku tattara duk abin da take sha har na gargajiya a leda ɗaya ku kai wa likita.

In an tabbatar an ce a fara, ga abin da zan ce. Aricept sunan kamfani ne, donepezil shi ne maganin, tun 1996 ake amfani da shi kuma kamfanoni da yawa na yinsa yanzu, mai sauƙin kuɗi daga famasi mai rajista ya wadatar. Ana farawa da 5mg sau ɗaya a rana, sai bayan sati 4 zuwa 6 ake tunanin 10mg, wanda ya fara da 10 dan a ga sauƙi da wuri amai da zawo zai gani. An fi ba da shi da dare, in ya kawo munanan mafarkai a mayar safe. Kuma in faɗa muku gaskiya dan kar ku sa rai fiye da kima, baya warkarwa, baya tsayar da ciwon, abin da yake yi wa wasu shi ne ya ɗan riƙe su inda suke na wani lokaci, wasu ma ba a ganin komai. In bayan wata uku zuwa shida ba canji sai rama da ƙin abinci, ba laifi bane ku zauna da likita a ce a dakata.

Maganar maganin hawan jininta ita ce inda nake so ku buɗe ido. In atenolol ne ko ɗan'uwansa, shi yana rage bugun zuciya, donepezil ma yana ragewa, su biyun in suka haɗu tsohuwa na iya yanke jiki ta faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye, wannan kuwa ya fi mantuwar saurin kwantar da mutum. A auna bugun kafin a fara, in da hali a yi hoton bugun zuciya. Abin da ya cancanci yayanku ya aiko da kuɗinsa shi ne na'urar awon hawan jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, tana nuna bugun a ƙasa. Ko ba ita, yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga minti ɗaya cur. In ya sauka ƙasa da 50, ko tana jiri, ko ta suma ko sau ɗaya, a tsayar a kira likita. In tana da asma ko olsa a faɗa tun farko, kuma a rabu da diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa sai da izini, dan haɗuwarsu na iya sa ciki ya yi jini, baƙin bayan gida kamar kwalta alama ce.

Filastar Exelon tana da amfani ga wadda ke tofar da ƙwaya ko cikinta baya ɗauka, amma ta fi tsada, kuma a zafin Sakkwato gumi na ɓamɓare ta, zafi kuma na sa maganin ya shiga jiki da sauri. Kuskuren da ya fi kai mutane asibiti da ita shi ne a manna sabuwa ba a cire tsohuwa ba, wannan ta manna da safe, waccan ta zo da rana bata gani ba ta ƙara. Guda ɗaya tak a awa 24, a bayan kafaɗa inda hannunta baya kaiwa, a rubuta kwanan wata a kai da biro, kar a maimaita wuri ɗaya sai bayan kwana 14, kar a yanka ta biyu dan tattali. In an yi fiye da kwana uku ba a manna ba, ba a komawa kan babba, sai an sake farawa daga ƙarama. A gidanmu na Hausa mai hannu da yawa, ku ware mutum ɗaya shi ne mai magani, maganin kuma a kulle, dan Hajiya na iya sha ta manta ta sake sha.

Sista, Babanmu fitsari na masa wuya, wani abokinsa ya ce akwai ƙwaya bethanechol mai matso fitsari. Daga Gombe.

Kar ku saya. A namiji mai shekaru galibi furostet ce ta kumbura ta toshe hanya, ita kuwa wannan ƙwayar mafitsara take matsewa da ƙarfi, in ƙofa a rufe take matsin ƙoda zai koma. Amfaninta sai inda aka tabbatar hanya a buɗe take mafitsarar ce ta yi sanyi, kamar bayan tiyata ko haihuwa. A kai Baba a duba furostet, a kuma bincika ko yana shan maganin mura ko Piriton. In fitsarin ya tsaya cak mara ta kumbura, wannan na gaggawa ne, a sa masa roba a asibiti a daren.

Malama, an ce ina da hawan jinin ido an ba ni pilocarpine sau huɗu a rana. Tunda na fara goshina ke ciwo, da magariba kuma duhu nake gani, ni kuwa direba ne Kano zuwa Maraɗi. In bari in sayi wani? Kuma yana karya azumi?

Malam sannu, abin da kake ji aikin maganin ne, ba wai ya lalace ba. Yana tsuke tsakiyar ido dan ruwan cikin ido ya samu hanyar fita, ido mai tsukakkiyar ƙofa kuwa haske kaɗan yake ɗauka, shi yasa magariba ke zame maka dare. Ciwon goshin yakan lafa bayan sati ɗaya ko biyu, duhun kuwa yana nan muddin kana ɗigawa, dan haka tuƙin dare ka ajiye shi daga yau, rayukan mutane ne a bayanka.

Amma kar ka daina da kanka, kar kuma ka je kemis a zaɓa maka. Ganin da hawan jinin ido ya ci baya dawowa, kuma a ɓoye yake ci daga gefe, garin neman gira kar a rasa ido. Ɗigon da ake yawan miƙa wa mutane na jan ido mai sitiroyid a ciki ƙara hawan yake. Ka koma wurin likitan ido ka gaya masa sana'arka ƙarara, dan yau pilocarpine ba shi ne na farko ba ga yawancin masu ciwon, akwai latanoprost sau ɗaya da dare wanda baya tsuke ido, sai dai yana son sanyi kafin a buɗe shi kuma baya son zafin cikin mota, akwai timolol sau biyu wanda bai dace da mai asma ko mai raunin bugun zuciya ba. Akwai kuma nau'in ciwon da pilocarpine ɗin ne ya dace da shi kafin a yi aikin leza, likitan da ya leƙa idonka shi ya san wanne ne naka. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai cibiyar ido ta ƙasa.

Wajen ɗigawa, wanke hannu, ɗigo ɗaya ya isa, kar bakin kwalba ya taɓa ido, sai ka rufe ido ka danne lungun da ke jikin hanci da yatsa minti biyu. Dannewar nan ke hana shi gangarawa maƙogwaro ya shiga jiki ya kawo gumi da miyau. In ɗigo biyu kake amfani da su a bar minti biyar tsakani, kwalbar da aka buɗe kuma a rubuta ranar, bayan sati huɗu a canza. In ka fara ganin walƙiya ko baƙaƙen abubuwa na yawo ko kamar labule ya sauko ta gefe, ranar za ka je asibiti. Batun azumi, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1997 ta ce ɗigon ido baya karyawa in ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma ana duba isarsa maƙogwaro, to kaga dannewar nan ta yi maka amfani biyu. Ka tambayi malaminka, amma kar a bar ido wata guda ba magani. 'Yan'uwanka na jini da suka haura 40 su ma su je a auna su.

Sista mu manoma ne, yaronmu ya taɓa jiƙewa da maganin feshi ya yi ta amai da miyau. An ce allurar atrofin ce maganinsa, mu saya mu ajiye a gida? Daga Funtuwa.

Baba, alamun da kuka gani a yaron su ne dai waɗanda na lissafa a sama, dan fiya-fiya da Sniper da wasu magungunan feshin ƙwari da dama irin wannan aikin suke, sai dai su in suka riƙe mai sharar basa saki da wuri. Gaskiya ne atrofin ake yi, amma ba allura ɗaya bace, a asibiti ana yi ana ƙarawa duk bayan 'yan mintuna ana sauraren ƙirji har majina ta bushe, wani sai an kwana ana yi. A hannun wanda bai iya ba ita ma guba ce, dangin abin da ke cikin zaƙami ce, tana sa zuciya gudu, jiki ya yi zafi, mutum ya fita hayyacinsa. Kuɗin ku sa a safar hannu ta roba, takalmin ruwa, abin rufe hanci da baki, da riga mai dogon hannu da aka ware wa feshi kaɗai, a yi feshin da sassafe kuma a ba iska baya. Kar a zuba saura a robar lemo ko ta ruwa, ta nan yara ke sha, kar a fesa a ɗakin kwana, kar a zuba a buhun wake, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna.

In tsautsayi ya faru, a cire masa kayan nan take, mai cirewar ya sa leda a hannu, a wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu har gashi da ƙarƙashin farce, ido kuma a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15. In sha ya yi kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko nono, sukan faɗa huhu. A kwantar da shi ta gefe dan miyau ya zubo waje, a ɗauki kwalbar maganin a tafi da ita asibiti, ko da ya ce ya ji sauƙi, dan wani raunin numfashin sai bayan kwana ɗaya zuwa huɗu yake bayyana.